Labarin Malamin Bagadaza Da Abin Da Ya Gani A Ƙasar Masar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, ku sani, ya ku malamai da fatake, wannan labarin Shaihu Abdullaɗif ɗan Yusufu ne, mutumin Bagadaza, wanda ya baƙunci Masar yana karantarwa, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gani na mutanenta da dabbobinta.

An haife shi a Bagadaza cikin shekara ta 557 ta Hijira, watau 1162. Ya hardace Alƙur'ani, ya sha nahawu da lugga da fiƙihu da hadisi, sa'an nan ya ƙara da ilmin likita. Neman malamai ya fitar da shi zuwa Mausil da Dimashƙu, har ya sadu da Sarki Salahuddini a Ƙudus. Bayan rasuwar Sarkin a 589, watau 1193, sai zamansa ya koma Alƙahira. Da safe yana zaune a masallacin Azhar, almajirai na ɗaukar karatu. Da tsakar rana masu neman ilmin magani su zo masa, da yamma ya sake komawa Azhar. A tsakanin haka ne ya tara littafinsa mai suna Al'ifada wal I'itibar, ya gama shi a shekara ta 600. Sharaɗin da ya ɗora wa kansa yana cikin cikakken sunan littafin: al'amuran da aka shaida, da abubuwan da aka gani ido da ido.

Wani malami zai ga ƙasƙanci ne mai nahawu ya ɓata tawada a kan kayan miya. Shi bai ga haka ba. Ya siffanta wani ɗan itace da Misirawa ke kira bamiya, mai tsanwa, mai ƙaiƙayi a jiki, cikinsa da fararen 'ya'ya, yana da yauƙi, ana dafa shi da nama. Wace uwargida ce a Kano ko Damagaram ba za ta yi dariya ba? Kuɓewa ce. Haka ya tsaya a kan mulukiya, wadda ita ce lalo, da ƙulƙasu, wanda shi ne gwaza, da ayaba, da ɓaure. Ɗan gari ya ci su tun yana goye, bai taɓa zaton abin rubutawa ba ne. Sai da baƙo ya zo.

Abin da ya fi ba shi mamaki cikin sana'o'insu shi ne ƙyanƙyasar ƙwai ba da kaza ba. Suna gina gida na laka mai ƙananan ɗakuna, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a jera ƙwai dubbai, a hura wutar busasshen kashin dabbobi daga sama, zafinta na saukowa a hankali kamar ɗumin kaza mai kwanci. Mai tsaron ɗakin yana juya ƙwan dare da rana, kamar yadda kaza ke yi da bakinta. Ba shi da ma'auni sai jikinsa: ya ɗauki ƙwai ya ɗora a fatar idonsa, in ya ji zafi ya rage wuta, in ya ji sanyi ya ƙara. Yakan kuma ɗaga shi ga hasken fitila ya ware mai ɗa da fanko. Bayan kamar mako uku sai ɗaki ya cika da kukan 'yan tsaki, a kwashe a kai kasuwa. Mai kiwon kaji ya lissafa da kansa kaji nawa za su yi masa wannan aiki.

Sa'an nan ya juya ga Kogin Nilu. Ya ambaci kada da yawansa a kudancin ƙasar, da yadda yake binne ƙwansa a rairayi, ɗan ya fito ƙanƙane ya girma ya zama abin tsoro. Ya ambaci wani kifi da ake kira ra'ada, wanda duk mai taɓa shi da rai sai hannunsa ya ɗauki makyarkyata, ya sake shi ba shiri. Masunta na Kwara da Tabkin Cadi sun san shi, minjirya ke nan. A zamaninsa ba a san lantarki ba, saboda haka bai faɗi sababi ba, ya dai faɗi abin da ke samun hannu, ya tsaya nan.

Labarin dorina ya fi daɗin ji. Larabawa na kiranta dokin ruwa, shi kuwa da ya dube ta ya ga ta fi kusa da ɓauna. Wata dorina ta addabi mutanen Dimyaɗ, tana kifar da jirage, wata kuma tana kashe shanu da mutane, tana ɓarnar gonaki. An yi dabaru iri iri, an kai mayaƙa, ba a ci nasara ba. Daga nan aka kirawo waɗansu baƙaƙen mutane daga Marisu, a ƙasar Nuba, waɗanda farautarta ce gadonsu, kamar yadda Sarkawa suke a bakin Kwara. Da masunsu suka zo, ba a jima ba suka kashe duka biyun, aka kawo su Alƙahira. Shaihun ya tafi da ƙafarsa ya duba baƙar fatar nan mai kauri marar gashi, da haƙora, da gajerun ƙafafu. Yau babu dorina a Kogin Nilu na Masar ko ɗaya.

Sai jarraba ta sauko. A wancan zamani noman Masar ba da ruwan sama ake yin sa ba, da cikar Nilu ne, kuma sai ruwan ya kai kamu 16 a ma'auni akan sa rai da amfani. A shekara ta 596 ya tsaya a kamu 12 da yatsa 21. Yunwa da annoba suka biyo baya cikin 597 da 598. Baƙon da ya rubuta kuɓewa da 'yan tsaki bai kau da kai ba, da wannan alƙalami ya rubuta garuruwan da suka zama kufai, da gidajen da aka rasa magada, da abubuwan da ba su dace da wannan shafi ba. Kaji suka ƙare sai waɗanda aka kawo daga Sham. Fatake su lura da wannan: ya ce masaƙun tabarma 900 ne a birnin Misra kafin yunwa, 15 suka rage.

A wani wuri da ake kira Maƙasu, kusa da Alƙahira, ƙasusuwan matattu sun taru sun yi tudu. Shekara wajen dubu likitoci na karanta wa almajirai maganar Jalinusu, babban likitan Yunanawa, cewa muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Shaihun ya tafi da abokan karatunsa, suka duba ƙoƙon kai fiye da 2,000, ba su sami mahaɗa ko a ɗaya ba. Ya rubuta cewa ƙashi ɗaya ne. Bai zagi Jalinusu ba, ya girmama shi matuƙa, amma ya fifita shaidar ido a kan abin da aka ji. Likitocin yau sun tabbatar da cewa a jikin babban mutum ƙashi ɗaya ne.

Bayan haka ya bar Masar, ya karantar a Ƙudus da Dimashƙu da Halab da ƙasar Rumu. A ƙarshe ya biyo ta Bagadaza da niyyar aikin Hajji, ciwo ya kama shi, ya rasu a can cikin Muharram na 629, watau 1231, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Littafin da ya rubuta da hannunsa yana ajiye a Jami'ar Oksfod ta Ingila. Allah ya jiƙansa, amin.