Me ya sa keken manomi ya fi keken tsere natsuwa a kan hanya?

A Kafinsoli da ƙauyukan ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada a jihar Katsina, duk da yawaitar babura, har yanzu keke ne ke kai manoma da dama gona, ya kuma kai buhun gero ko dawa kasuwa.

Galibin waɗannan kekuna suna bin tsohon fasalin Raleigh ne, wato kamfanin birnin Nottingham na Ingila da ya taɓa samun masana'anta a Kano. Phoenix ta China da Hero ta Indiya ma wannan fasali suka ɗauko.

Duk wanda ya saba da su, in ya hau keken tsere irin wanda ake shigowa da shi gwanjo, nan take zai ji kan keken na neman kuɓuce masa. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera firam ɗin, wato ƙarafan da suka haɗa jikin keken.

Kusurwar kai

Abu na farko shi ne karkatar bututun da kan keke ke juyawa a cikinsa. A keken tsere bututun na miƙe sosai, kusurwarsa da ƙasa tana kai digiri 72 zuwa 74. A keken manomi kuwa ya fi kwantawa baya, sau da yawa ƙasa da digiri 70.

Idan bututun ya miƙe, da an ɗan taɓa kan keken sai ya juya. Haka ɗan tsere ke so, domin yana ratsa tsakanin abokan karawarsa a guje. Idan ya kwanta, juyawar na zuwa a hankali.

Abu na biyu shi ne wata 'yar tazara a ƙarƙashin tayar gaba. Da za a ja layi daga wannan bututu har ƙasa, zai sauka ne a gaban inda tayar ta taɓa ƙasa. A keken tsere tazarar ba ta cika wuce santimita 5 zuwa 6 ba, kuma ita ke sa tayar ta riƙa komawa saiti da kanta. Kwanciyar bututu na ƙara ta, lanƙwasar fok kuma na rage ta, saboda haka maƙera ke auna su tare.

Tsawon keke

Na uku shi ne nisan da ke tsakanin tayoyin biyu. A keken tsere kusan mita ɗaya ne, a keken manomi kuwa ya kan wuce haka da santimita 10 ko fiye.

Doguwar tazara na sa keke ya tafi sak a hanyar burji ko yashi, ta kuma ba buhu wurin zama a kariya ba tare da dunduniyar mahayi ta taɓa shi ba. Sai dai keken kan buƙaci fili kafin ya yi kwana.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a shekarar 2011 ya nuna cewa yadda aka rarraba nauyi a jikin keke shi ma yana da tasiri wajen daidaituwarsa. Manomi ya san wannan a aikace: idan buhu ya zame ya koma bayan tayar baya, gaban keken kan yi sakayau, ya riƙa ɗagawa.

Abin lura ga mai saye

Karo ko faɗawa rami na iya lanƙwasa fok, ya ɓata duk wannan lissafi. Alamar ita ce keke ya riƙa janyewa gefe guda idan an sassauta riƙo, ko ƙafa ta riƙa taɓa tayar gaba a kwana.

Don haka kafin a biya kuɗin keke na hannu, yana da kyau a tsaya a bayansa a duba ko tayoyin biyu na kan layi ɗaya, a kuma nemi alamar tsagewar fenti kusa da wuyan firam, inda ƙarfe ke fara nuna ya sha karo.