Mushtari da Zuhal: Manyan Baƙin Sararin Sama

Idan damina ta ɗauke, sanyin hunturu ya fara shigowa, lokacin ɗaga kai a dubi sama ya yi. Daren da hazo bai yi kauri ba, a fita bayan gari inda hasken lantarki ba ya kaiwa. Za a ga Kaza da 'Ya'yanta sun hau sama tun da almuru, su ne taurarin nan da aka ambata a Littafin Ayuba sura 38. Wajen 13 da 14 ga Disamba kuma akan yi zubar taurari mai yawa, lokacin da duniyarmu take ratsa ƙurar wani dutse mai kewaya rana. Akwai irinta a watan Agusta, sai dai a nan ƙasar girgijen damina yakan rufe mana ita.

Amma manyan baƙin su ne Mushtari da Zuhal. Waɗannan ba taurari ba ne, duniyoyi ne masu kewaya rana kamar tamu, shi ya sa haskensu yake tsaye, ba ya ƙyaftawa. Faɗin Mushtari ya ninka na duniyarmu sau 11, yakan gama zagayensa cikin shekara 12, Zuhal kuwa sai ya yi 29 da rabi. Wanda ya sami madubin hangen nesa, ko da irin na hannu ne, zai iya ganin ɗigo huɗu a jere kusa da Mushtari. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. Zoben Zuhal kam sai da madubi mai ƙarfi.

Da yake Mushtari ya fi sauri, kowace shekara 20 yakan cim ma Zuhal, a gan su gab da juna. Ran 21 ga Disamba 2020 sun matso har mai raunin ido ya ɗauka abu ɗaya ne, kusancin da ba a yi irinsa ba tun 1623. Jaridu da yawa suka sa masa suna tauraron Kirsimeti.

To, ina gaskiyar wannan suna? Asalin zancen daga Johannes Kepler ne, masanin taurari Bajamushe, wanda ya ga haɗuwarsu a 1603. Lissafi ya nuna sun haɗu har sau uku a shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu bisa ƙidayar kalandarmu. Tun da Sarki Hirudus ya mutu wajen shekara ta 4 bisa wannan ƙidaya, lokacin bai yi nisa da labarin masanan gabas na Matiyu sura 2 ba. Sai dai a waccan shekara tazarar da ke tsakaninsu ta kai faɗin wata biyu, ba su zama haske ɗaya ba. Matiyu kuwa tauraro guda ya ambata, wanda ya tsaya bisa inda yaron yake. A ganina, bai kamata mai wa'azi ya hau bagade ya ce an gano tauraron Baitalami ba. Zato ne na masana, a faɗe shi a matsayin zato.

Wasu iyaye sukan hana yara wannan kallo don gudun kada ya zama duba. Mai duba yana neman sa'arsa a taurari, abin da annabi Ishaya ya tsawata a kai a sura 47. Mai kallo kuwa aikin Mahalicci yake dubawa, ba ya tambayar Mushtari ranar aure ko ranar tafiya.

Haɗuwa ta gaba sai 2040, mai kusanci irin na 2020 kuma sai 2080.