Fensir, Salatif da Kyautar Nobel

Yau shirinmu zai leƙa Ingila, inda malaman jami'a da ɗalibansu kan ɗauki kayan gwaji su shiga ajin firamare, domin yara su san sirrin abin da ake ƙera kaya da shi: ƙarfe, gilashi, roba, yumɓu.

Ga ɗaya daga cikin gwaje-gwajen. A ba yaro fensir, ya ja layi mai kauri a takarda, ya yi ta gogawa har wurin ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi. Sai a kawo batir da ɗan ƙaramin ƙwan lantarki, a ɗora waya a kan layin. Ƙwan ya kama! In ya matsar da wayar nesa, hasken ya dusashe, domin bakin fensir, wato girafait, yana wuce da lantarki, amma iya tsawon layin iya wahalar da wutar ke sha.

Daga nan sai labari. A shekarar 2004, a Jami'ar Mancesta, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa manna salatif a jikin girafait suna ɓarewa, har suka sami shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, wadda ake kira girafin. A 2010 aka ba su kyautar Nobel. Ku dubi yaron da ya ji haka alhali fensir na hannunsa!

Akwai kuma wayar nitinol, haɗin nikel da titaniyam. Yaro ya murɗe ta yadda ya ga dama, a tsoma a ruwan zafi, nan take ta koma siffarta ta farko. Da irinta likitoci ke buɗe jijiyar jini da ta toshe.

Ni dai ina ganin jiran sakandare kafin a nuna wa yara irin wannan jinkiri ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kayan gwaji na nan a tsakar gidanmu. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta kwashe shi tare da zafi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya mai adana tumatir da alayyahu, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Da yamma ku tambayi yaranku me ya sa ruwan jarka ba ya yin sanyi kamar na randa.