Lambobin da Ke Ƙarƙashin Taswirar Kwazazzabon Gombe

Duk damina ruwa na gangarowa daga tuddan yammacin Gombe, ya ratsa gari yana cin ƙasar yashi, kwazazzabai suna ƙara faɗi suna lashe gidaje. Kafin a zuba siminti a ko'ina, injiniya na buƙatar sanin inda ruwan zai bi da ƙarfin da zai zo da shi, kuma a yau kwamfuta ake tambaya. Haka abin yake ga masu lissafin ambaliyar kogin Gongola a ƙasan madatsar Dadin Kowa, haka ga masu auna yadda mai ke tafiya cikin duwatsun Kolmani, inda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙo a Nuwamban 2022.

A da, ana yanka ƙasa gida-gida daidai wa daida, kowane gurbi da maƙwabta huɗu. Neman maƙwabci ba wuya: ƙara ɗaya a kan lambarka, ka sami na gabas. Yanzu masu wannan lissafi sun karkata ga raga marar tsari, mai ƙananan alwatika a bakin kwazazzabo inda ruwa ke ɓarna, da manya a fili inda ba abin da ke faruwa. Bambancin kamar na lambobin gidajen sabuwar unguwa mai layi-layi ne da lungunan unguwar Jekadafari: can lissafi zai kai ka ƙofar da kake nema, nan kuwa sai an rubuta maka wane ne maƙwabcin wane.

Abin da ya jawo sauyin, da farko, ƙasar ce kanta. Rami mai faɗin mita 5 ɓacewa yake a gurbi mai mita 30, wanda shi ne ma'aunin taswirar tsayin ƙasa ta SRTM da ake samu kyauta. In kuma aka ce a ƙanƙanta gurbi a duk faɗin gari, lissafin zai fi ƙarfin na'ura. Sannan tun wajajen 2005 saurin firosesa guda, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya daina hauhawa kamar da, kamfanoni suka koma haɗa da yawa a na'ura ɗaya. Wanda ke son sauri dole ya raba aiki.

A nan wahalar take. Tunda wata mahaɗa a ragar tana da maƙwabta biyar wata bakwai, ba za su zauna a tebur mai layuka daidai ba. Dabarar da aka fi bi ita ce a jera dukkan maƙwabta a dogon jeri ɗaya, a ajiye jeri na biyu da ke faɗin inda rabon kowa ya fara. Da an raba ragar tsakanin firosesa 8 ko 800, kowane gurbi ya zama mai lamba biyu: wadda duk ragar ta san shi da ita, da wadda firosesar da ke riƙe da shi ta ba shi. Guraben kan iyaka kuma sai an kwafe su ga firosesar da ke maƙwabtaka, ana sabunta kwafin a kowane zagaye. Don wannan aiki aka samar da ƙa'idar aika saƙo ta MPI a 1994, da manhajar METIS ta George Karypis da Vipin Kumar a Jami'ar Minnesota mai yanka raga yadda iyakoki za su yi kaɗan, da PETSc ta cibiyar Argonne a Amurka mai kula da fassara lamba zuwa lamba. Dukkansu kyauta ake saukewa.

Ribar a bayyane take: gurabe kaɗan, amsa mafi kusa da gaskiya a wurin da ake buƙatarta. Asarar ce ba a cika faɗa ba. Firosesa na gudu ne idan bayanan da take so suna jere kusa da juna. A raga marar tsari kuwa tsalle take yi daga nan zuwa can cikin ma'ajiya, tana jira. Shi ya sa a gwajin HPCG, mai kwaikwayon irin wannan lissafi, manyan kwamfutocin duniya kan cimma 'yan kashi kaɗan ne cikin ɗari na ƙarfinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren lamba ba ya ihu. Cikin harsunan rubuta manhaja, Fortran na fara ƙirga daga 1, C da Python daga 0. Gocewar ɗaya tak ta isa ta sa gurbi ya karɓi ruwan da ba nasa ba, manhaja ta gama aiki lafiya lau, ta fitar da taswira mai kyawun launi, a gina magudana a kanta. Mai zaune a unguwar Bolari ko Pantami ba shi da hanyar ganewa sai ruwa ya shigo masa ɗaki.

Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don shirin ACReSAL na yaƙi da lalacewar ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, Gombe na ciki. A ganina, duk kwangilar nazarin ruwa a irin wannan shiri ta kamata ta wajabta miƙa ragar da jerin lambobinta, ba hoton taswira kaɗai ba, domin wani ya iya sake lissafin ya tabbatar. Masu sake shi kuwa za su iya fitowa daga Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da ta Tarayya da ke Kashere. Ba sai an jira katafariyar kwamfuta irin Lengau ta Afirka ta Kudu ba. Laftof mai firosesa 4 ya isa ɗalibi ya raba ragar kwazazzabo guda, ya gudanar da ita a kan 1, sannan a kan 4, ya duba ko amsoshin sun yi daidai in ban da ɗan bambancin lambobin ƙarshe da sauyin tsarin tarawa ke kawowa.