Daga Tanderun Nafoli Zuwa Tukubar Kafanchan: Wa Zai Biya Bashin Itace?

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo manyan biranen ƙasar nan, musamman Ikko da Abuja, watau magidanci ya kwashi iyalinsa da almuru su tafi gidan sayar da abinci don cin wani irin gashin fulawa na mutanen Italiya wanda ake kira fiza. Abin mamaki kuwa shi ne, gidajen da suka fi ji da kansu su ne waɗanda suka gina tanderu na jan bulo a inda baƙi ke zama, ana jefa masa itace kowa yana kallo. A irin waɗannan wurare wutar itacen ita ce abin talla, kuma mai ci yana biyan kuɗinta da tsada.

Mutumin Kafanchan da ya ji wannan labari sai ya yi murmushi, domin abin da attajirin birni ke saye da kuɗi masu yawa, shi da shi ya tashi. Da magariba ta yi, tukubar mai tsire tana ci, mai balangu yana hura gawayi, mai shayi yana yanka burodi, da asuba kuma mai waina ta ɗora tanda a kan murhu. Duk wutar ɗaya ce, kuma daga daji ɗaya ake samo ta. To, wannan daji shi ne abin dubawa a yau.

ASALIN FIZA

Fiza ta samo asali ne daga birnin Nafoli da ke kudancin Italiya, inda da farko abincin talakawa da leburorin tashar jiragen ruwa ce. Ana kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri da yis, a bar ƙullin ya tashi na sa'o'i da dama, sa'an nan a faɗaɗa shi da hannu kamar faifai, a shafa masa niƙaƙƙen tumatir, a zuba cuku da ganyen ɗaɗɗoya da man zaitun. Ana ba da labari cewa a shekarar 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita irin wannan fiza mai launin tutar Italiya, watau ja da fari da kore, shi ya sa ake kiranta da sunan sarauniyar, ko da yake wasu masana tarihi suna da ja a kan labarin.

Mutanen Nafoli ba su ɗauki sana'ar da wasa ba. A 1984 suka kafa ƙungiya don kare ƙa'idojinta, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa gwanintar masu gashin fiza na birnin cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Bisa ƙa'idarsu, zafin tanderun yakan wuce digiri 400, fizar kuma ba ta wuce minti ɗaya da rabi a ciki. Hikimar tana ga ginin: rufin tanderun kamar ƙwarya ce a kife, yana shan zafi yana mayar da shi ƙasa, daɓen yana gasa gindin ƙullin, harshen wuta kuma yana lasar samansa. A Nijeriya kuwa, kamfanin Domino's ya buɗe shagonsa na farko a Ikko a 2012, daga nan abincin ya bazu zuwa sauran birane.

Wanda ya san gurasar Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ita ma ƙullin fulawa ce da ake mannawa a jikin tanderun yumɓu bayan ya sha wuta, in ta gasu a barbaɗa mata garin ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa da tumatir, ta zama bandashe. Da mai gurasa da mai fiza, malaminsu ɗaya ne, watau yumɓu da itace.

GARIN DA JIRGI YA RAYA

Shi garin Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ya bunƙasa ne sanadiyyar jirgin ƙasa. A 1927 aka haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa. Ma'aikata da fatake daga kowace kusurwa suka sauka a tsakanin mutanen ƙasar, kamar su Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Hausawa da Filani. Duk inda matafiyi ya yada zango kuwa, sai mai abinci ya kafa murhu. Ta haka cin abinci a waje ya zama al'ada a garin tun da daɗewa.

Shi kansa burodi yana da alaƙa da jirgin. Amos Shackleford, mutumin Jamaika wanda ya zo Ikko aikin jirgin ƙasa, shi ne ya yi suna wajen kafa babban gidan burodi a Ebute Metta, daga baya sana'ar ta bi garuruwan da ke kan layin dogo. Har wa yau ƙananan gidajen burodi da yawa a Arewa da itace suke gashi, saboda lantarki ba shi da tabbas, man dizal kuma ya yi tsada. Hanyarsu ta ɗan bambanta da ta mai fiza: sukan cika murhun da guma-gumai, su bar shi ya ci har bulo ya ɗauki zafi, sa'an nan su kwashe garwashin su jera gwangwanayen ƙulli. Ke nan kowane zubi na burodi yana cin tulin itace.

DAJI YANA JA DA BAYA

Allah ya albarkaci kudancin Jihar Kaduna da ruwan sama fiye da Zariya da Kano, shi ya sa yankin yake da itatuwa irin su doka da maje da marke da kirya da kaɗanya da ɗorawa. Akwai gandun dajin Nindam kusa da Kagoro, wanda masu nazarin tsuntsaye suka sani ƙwarai, akwai kuma na Nimbia wajen iyaka da Jihar Filato, inda aka dasa itatuwan katako. Amma wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachiya da Zonkwa zai ga buhunan gawayi da tarin faskare jere a bakin titi, suna jiran motocin da za su kai su birni.

Masu yin gawayi sun fi son itace mai tauri kamar kirya, wadda maƙera suka daɗe suna yabon garwashinta, ita kuwa takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta girma. Ga shi kuma a irin ƙunar gargajiya ta rufe itace da ƙasa, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. In gatari ya kai ga kaɗanya da ɗorawa, to, an taɓa man kaɗe da daddawar da matan karkara ke dogara da su.

Matsin tattalin arziki ya ƙara wa wutar fetur. An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur kuma a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri da na gas suka hau, gidaje da yawa waɗanda suka bar murhun duwatsu uku suka koma masa. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, mata da ƙananan yara kuma su suka fi shaƙarsa. Wani abin lura shi ne, shirin nan na Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada ya shafi jihohi 11 ne na can Arewa, Kaduna ba ta cikinsu, ga shi kuwa dazuzzukanta suna ɗauke da nauyin murhun birane.

DARASI DAGA ITALIYA

Su ma mutanen Italiya ba su tsira daga matsalar ba. A watan Disamba na 2015, hukumar garin San Vitaliano da ke kusa da Nafoli ta hana gidajen fiza da na burodi hura itace na 'yan watanni, sai wanda ya sa matatar hayaƙi, saboda iskar garin ta gurɓace. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, in ji Bahaushe, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ba wanda zai ce a kashe tukubar mai tsire ko a rufe gidan burodi, domin dubban iyalai da su suke ci. Abin da ake bukata shi ne a ci da lissafi. Tanderun da aka gina da kauri, mai ƙofa da bututun hayaƙi, yana riƙe zafi ya rage cin itace, busasshen itace kuma ya fi ɗanye zafi da ƙarancin hayaƙi. Wannan ba baƙuwar fasaha ba ce ga yankin da aka tono gasassun gumakan yumɓu na Nok a 1928, shaidar cewa mutanen wurin sun san sirrin ƙasa da wuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Haka nan ana iya curin gawayi daga ɓuntun shinkafa da totuwar masara da garin katako, waɗanda a yanzu zubar da su ake yi.

Ya kamata ƙungiyoyin masu burodi da na mahauta su haɗa kai da sarakuna da ƙananan hukumomi, a keɓe musu filaye su dasa itatuwa masu saurin girma kamar malaina da darbejiya, su riƙa sara daga nasu. Su kuma manyan gidajen abinci na birni, waɗanda ke cin ribar sunan wutar itace, su ne suka fi cancanta su fara, tun da kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikatar kula da gandun daji ta jiha ita ma sai ta tsaya tsayin daka wajen kare kaɗanya da ɗorawa daga masu ƙuna. Damina tana zuwa kowace shekara, ƙasar Jama'a da Kagoro kuma ba ta ƙin dashe. Allah ya sa masu ruwa da tsaki su farga tun da sauran itace a dawa.