Awo, Ajiya da Tukunya: Inda Kuɗin Cefane Ke Zurarewa a Birnin Zazzau

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin cefane ya rikice a kusan kowane gida. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Duk abin da ke hawa mota kafin ya iso kasuwa sai ya bi sahu. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100, kuma naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a watan Yulin shekarar da ƙyar take sayen buhun shinkafa ɗaya a lokacin.

Birnin Zazzau yana tsakiyar ƙasar noma. Masarar Giwa da Soba da Saminaka, da raken Maƙarfi, da tumatirin Hunƙuyi da Ikara duk ba su yi nisa da ƙofofinsa ba. Amma daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, akasarin magidanta yau saye suke yi su ci: ma'aikata, malaman makaranta, masu ɗinkin hannu, 'yan tireda. Gonakin da a da suke cikin ganuwa an yanka mafi yawansu filaye, inda rumbu yake tsaye a tsakar gida kuma an tayar da ɗakin amarya. Gidan da ba shi da rumbu dole ya je kasuwa a ranar da yake bukata, ya saya a farashin da ya tarar. A nan asarar take. Tsimi ba ya nufin a rage wa yara tuwo. Abin da yake nema shi ne a san lokacin saye, da yadda za a adana abin da aka saya, da yadda za a dafa shi.

Tsadar saye kaɗan-kaɗan

Duk wanda ya tsaya layin 'yan awo a kasuwar birni ko ta Tudun Wada ya san yadda abin yake. Ma'auni zai nutsa tiya cikin buhu, ya ciko ta, ya tare gefe da hannu ko ya bar hatsin ya zube, gwargwadon yadda ya ga mai saye. "Malam, a yi gyara mana," in ji mai saye, shi kuwa ya watsa ɗan abin da bai cika tafi ba. Wata tiyar an bubbuga gindinta ta shige ciki, wata an rage mata baki. Ba a cika ganin sikeli a wurin awon hatsi ba, saboda haka tiyar wannan ba lallai ta yi daidai da ta maƙwabcinsa ba.

Buhun masara galibi yana cin tiya 40. A ɗauka mai awo ya ɗora ribar naira 100 kacal a kan kowace tiya, ka ga naira 4,000 ke nan a buhu. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana zai cinye kusan buhu tara a shekara, wato ya biya naira 36,000 a kan ribar awo kaɗai, ban da kuɗin mashin zuwa kasuwa da na niƙa kullum. Wanda ke saye da gwangwani a shagon unguwa ya fi shan wuya, domin kafin hatsin ya iso gwangwani ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Haka man gyaɗa na ƙulli, da sukari na leda, da garin sabulu na 'yar jaka. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa sayen abinci da tsada.

Faɗin "a sayi buhu" ba wuya, samun kuɗin buhun ne aiki. Shi ya sa haɗaka ta fi dacewa da birni irin Zazzau, inda gida ɗaya kan ƙunshi magidanta uku ko biyar 'yan uwan juna. Idan suka haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya tafi kasuwar Giwa ko ta Anchau, za a raba buhu a zaure da tiya guda, kuɗin mota kuma ya rabu a tsakaninsu. Adashi ma yana da rawar takawa. Matan da ke tsara kwasarsu ta faɗo a watan Nuwamba ko Disamba, su zuba ta a hatsi maimakon kayan biki, sun fi cin moriyar zubinsu.

Kaka da marka

Farashin hatsi yana bin ruwan sama. Daga Oktoba zuwa Disamba manomi yana bukatar kuɗin biyan bashin taki da na lebura, sai ya fito da amfani, kasuwa ta cika, farashi ya sauka. Daga Yuni zuwa Agusta rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, farashi ya hau. Mai saye da kaka yana cin abincin marka a farashin kaka.

Sai dai wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa. Bayan Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, farashin masara da shinkafa ya faɗi sosai a 2025, kuma da yawa daga waɗanda suka tara buhuna suna jiran tsada sun tafka asara. Darasin da ke ciki shi ne magidanci ya sayi abin da gidansa zai ci, kada ya ci bashi ya tara don neman riba. Malamai ma sun bambanta tanadin iyali da ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a.

Abokan gaba biyu: danshi da ƙwaro

Sayen buhu ba shi da amfani idan rabinsa zai zama gari kafin azumi. Abu na farko shi ne bushewa. Masarar da za a adana ana so danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Ba sai da na'ura ba: a samu kwalba busasshiya, a zuba tafin masara da cokalin gishiri busasshe, a rufe, a girgiza, a ajiye na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba, a mayar da ita rana a kan tabarma ko tamfol. Masara da gyaɗar da aka adana da danshi suna yin funfuna, wani nau'in funfunar kuma yana fitar da gubar afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta. Arahar hatsin da ya yi baƙi-baƙi ko yake warin ruɓa ba araha ba ce. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Na biyu shi ne ƙwaro, musamman a wake. Yawanci da shi ake zuwa daga gona, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar, ya ƙyanƙyashe a cikin buhu. Iyayenmu sun yaƙe shi da toka, da barkono, da yashi, sun kuma bar dawa da gero a zangarniyarsu cikin rumbu domin sun fi daɗewa a haka. Yau wasu sun koma zuba fiya-fiya da makamantansa kai tsaye a kan abin da za a ci. Illar ta kai har waje: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu.

Akwai hanyar da ba ta bukatar ko ɗigon magani, wato toshe iska. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, riɓi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ana zuba wake, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a cikinta ba, ita ma tana yin wannan aiki idan aka cika ta har baki aka toshe murfin sosai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne buɗewa kullum. A ware na cin wata ɗaya a wani mazubi, a bar sauran a rufe.

Kayan miya

Tsakanin Janairu da Maris, lokacin da lambunan bakin kogin Galma ke kan ganiyarsu, kwandon tumatir kan yi arahar da manomi ke kuka. Da ruwa ya sauka sai ya zama na masu hali. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Gidan da ya yanka nasa ya shanya da hunturu bai ji wannan zafin kamar sauran ba. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, rana ta fi firji amana. Kauɗar tumatir, da busasshen tattasai, da kuɓewa, da kuka, da zogalen da aka shanya a inuwa, da daddawa, su ne ke riƙe miya daga bazara har kaka. Abin lura kawai shi ne a shanya a kan abu mai tsabta a saman rufi ko gado, ba a gefen titi inda ƙura da awaki ke bi ba.

Hikimar da ke cikin fate

Ana tsokanar Zazzagawa da fate, amma wanda ya san ilimin abinci ba zai yi dariya ba. Tsakin masara kaɗan, da rama ko yakuwa, da alayyafo, da gauta, da ɗan wake, da dakakkiyar gyaɗa, tukunya ɗaya da wuta ɗaya sun ciyar da gida. Sinadarin gina jiki da ke cikin masara bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma akwai wani ɓangarensa da ya yi ƙaranci. Wake yana da sama da kashi 20, yana kuma ɗauke da daidai abin da masara ta rasa, ita ma tana cike masa nasa giɓin. Haɗa su a kwano ɗaya yana kusantar da abincin ga amfanin nama. Wannan ce hikimar koko da ƙosai, da shinkafa da wake, da dambu mai zogale da ƙuli. Waken suya ya fi su duka, domin nasa ya haura kashi 35, shi ya sa awara ta zama naman mai ƙaramin ƙarfi.

Makamashi ma kuɗi ne. Waken da aka jiƙa tun dare yana nuna da wuri, ba sai an cika masa kanwa ba, wadda yawanta ke lalata wasu sinadaran bitamin. Rufe tukunya yana rage cin gawayi da gas. Ragowar tuwon dare kuwa ɗumamen safe ne, muddin an tafasa miyar sosai. Kuma ba kullum dafawa a gida ce ta fi araha ba. Binciken da Emmy Simmons ta yi a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a farkon shekarun 1970 ya nuna yadda gidaje ke dogara da abincin sayarwa da mata ke yi a cikin gida. Har yau ƙaramin gida zai iya gane cewa sayen koko a maƙwabta ya fi hura wuta don mutum uku sauƙi, kuɗin kuma bai bar unguwa ba.

Rage ƙiba ba sai da shayin kanti ba

Wani abin mamaki shi ne tsadar abinci ba ta hana ƙiba da ciwon suga da hawan jini yaɗuwa. Dalili shi ne abin da ya fi saurin cika ciki da ɗan kuɗi, irin su taliyar leda, farin burodi, lemon kwalba da soye-soye, shi ya fi tara kitse. Daga nan sai a koma kashe kuɗi a kan shayin rage tumbi, wanda da yawansa gudawa da fitsari kawai yake sawa, ruwan jiki ya ragu, kitsen yana nan. Abincin da likitoci ke ba mai suga shawara a kai yana nan a kasuwar Amaru: dawa da gero da ba a cika surfe su ba, acca, wake, ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram biyar, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali kusan rabin kowane dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Rage dunƙule a ƙara daddawa riba biyu ce, ga aljihu ga lafiya. Mai ciwon suga ko hawan jini dai ya tuntuɓi likita kafin ya sauya cimarsa.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya

Dabarar uwargida ba za ta sauke farashin taki ko ta gyara hanyar ƙauye ba, kuma zalunci ne a ce wa wanda bai da na awon yau ya yi tanadin shekara. Akwai abubuwan da hukuma da unguwa za su ɗauka. Ƙaramar Hukumar Zariya da shugabannin kasuwa za su iya tsayar da tiya ɗaya mai hatimi, ko su shigo da sikeli. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta faɗakar da manoma, duka a Jami'ar Ahmadu Bello, suna da ilimin ajiyar hatsi, amma an fi kai shi ga manomi alhali mai saye a birni ma yana bukatarsa. Masu unguwanni, da limamai, da makarantun Islamiyya na matan aure su ne hanya mafi kusa ta isar da shi. Unguwar da ta kafa ƙungiyar sayen hatsi tun watan Satumba, ta tanadi buhunan toshe iska da ɗaki ɗaya busasshe, za ta shiga damina mai zuwa da abincin da ta saya a farashin kaka.