Birni da maƙwabtansa: wa zai biya?

A kowace safiya mutane da yawa kan baro garuruwan da ke kewaye da babban birni, su shiga cikinsa domin aiki ko kasuwa. Suna bin titunansa, suna shan ruwansa, amma lamponsu a komin ɗin da suke kwana suke biya. To, wa zai ɗauki nauyin gyaran titi da kwasar shara? Birnin Lyon na ƙasar Faransa misali ne na yadda aka tunkari wannan matsala.

A ranar 31 ga Disamba 1966 aka yi dokar da ta tilasta wa birane huɗu, wato Bordeaux da Lille da Lyon da Strasbourg, su haɗu da maƙwabtansu ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda ake kira communauté urbaine. Ta Lyon ta fara aiki a 1969 da komin 55, cikinsu har da Villeurbanne da Vénissieux. Kowace komin ta riƙe magajin garinta, amma ruwan famfo da magudanai da shara da tituna da tsarin gari suka koma hannun hukumar tarayyar. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai raba aiki ya fi raba kuɗi sauƙi. Komin mai masana'antu kan tara haraji mai yawa, alhali wadda ma'aikatan ke zaune a cikinta ita ke fama da gina makarantu. Har gasar rage haraji akan yi domin jawo kamfanoni. Saboda haka dokar 1999 ta ƙarfafa tsarin da harajin sana'o'i zai zama ɗaya a duk yankin, ya shiga asusun tarayya, sannan a mayar wa kowace komin da wani kaso. Lyon ta bi wannan tsari.

A 2015 hukumar ta zama Métropole de Lyon, kuma tun 2020 jama'a ne ke zaɓen wakilanta 150 kai tsaye. Wannan ya haifar da sabon ƙorafi, domin magadan gari da dama na ƙananan komin ba su sami kujera a majalisar ba. Ga wanda ya zuba kuɗinsa a asusun tarayya, rashin murya wurin rabo ba ƙaramin abu ba ne.